Soket uku sun mutu alhali fitilu suna ci: ina laifin yake?

Malamin Makaranta, Badariya, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum, iyayena da 'yan uwana na wannan zaure. Yau kwana tara ke nan da soket uku suka daina ba da wuta a gidana, biyu a falo, ɗaya a ɗakin yara, alhali fitilu da fankoki suna ci kamar kullum, firizar da ke lungun falo ma tana aikinta. Na buɗe akwatin raba wuta, ban tarar da bireka, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa idan ta yi yawa, ko ɗaya ta faɗi ba. Na sayo sabon soket, yaron maƙwabcina ya ɗaura shi a madadin ɗaya daga cikin na falo, amma ba ta sauya zani ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne idan na zura testa, wato sukudireban gwajin wuta mai ɗan ƙwai a ciki, a ramin soket ɗin sai ta kawo haske, har a ramukan ƙasa duka biyu, amma idan na jona talabijin ko cajar waya sai shiru. Ina so in fahimci abin da ke faruwa kafin in kira mai gyara, domin kada a ce mini a fasa bango alhali matsalar ba ta kai can ba.

Mai Shagon Kayan Wuta, Jega:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni dai abin da na fi gani a wannan sana'a shi ne araha ba ta ado. Soket iri biyu ne a kasuwa ko da fuskarsu ɗaya ce: akwai wanda maƙallansa na ciki tagulla ce mai kauri, wadda ke damƙe ƙafar filogi sosai, akwai kuma wanda siririn ƙarfe ne aka yi wa rini, da ya ɗan ji zafi sai bakinsa ya saki. Ka ɗauki biyun a hannu, nauyi kaɗai zai gaya maka gaskiya. Ina kyautata zaton sabon da ka sayo ɗin ma daga cikin marasa nauyin ne, saboda haka ka nemi mai kyau ka sake gwadawa.

Mai Wayarin, Kalgo:
Alhaji mai shago, Allah ya ƙara kasuwa, maganarka a kan bambancin kaya gaskiya ce, sai dai ba ita ce ke damun Malam ba. Da wuya soket uku su mutu rana ɗaya don rashin inganci, sabo kuma ya zo ya bi sahunsu nan take. Malam ya riga ya faɗi alamar da ta warware zancen, wato testa tana haske a ramuka biyu.

Wuta ba ta yin aiki sai ta sami hanyar shiga da hanyar komawa. Wayar da ke kawo ta ita ce muke kira layif, ja ce a yawancin gidajenmu, a sabon tsari kuma ruwan ƙasa. Wadda take komawa ta cikinta ita ce nutiral, baƙa ko shuɗiya. Ta uku ita ce wayar ƙasa, koriya ko koriya mai ratsin rawaya. Idan ka fuskanci soket, ramin sama na wayar ƙasa ne, na dama layif, na hagu nutiral. Testa ba ta san komai ba sai cewa layif ta iso, domin 'yar wutar da ke kunna ƙwanta ta jikin mai riƙe da ita take bi ta sauka ƙasa. Idan nutiral ta tsinke a wani wuri, wuta za ta shigo ta layif, ta ratsa duk wata na'ura da aka bari a jone, ta fito ta cika wayar nutiral ta tsaya, tun da babu hanyar wucewa. Shi ya sa ramin hagu ma yake haske. Don Allah kada kowa ya taɓa baƙar wayar nan da hannu da sunan ai nutiral ce ba ta ja, a wannan hali tana ja kamar ja ɗin.

Abu na biyu, a mafi yawan gidajen da nake shiga, ba kowane soket ne ke da tasa waya daga akwati ba. Ana kai waya soket na farko, daga bayansa a ɗauka zuwa na biyu, daga na biyu zuwa na uku, kamar raƙuma a ayari. Idan igiya ta kwance a wuyan na gaba, duk na bayansa sun tsaya, shi kuwa yana tafiyarsa. Saboda haka ba a neman ciwon a cikin waɗanda suka mutu kaɗai, ana fara nemansa a soket na ƙarshe da ke aiki kafin su. Ni da zan zo gidanka, firizar nan zan fara janyewa.

Malamin Makaranta, Badariya, Birnin Kebbi:
Na gode ƙwarai, Malam mai wayarin. Amma ina da ja a wuri ɗaya. Idan waya ta ƙone a bayan firiza har ta tsinke, me ya hana bireka faɗuwa, tun da don irin wannan ranar aka sa ta?

Tsohon Ma'aikacin Lantarki, Nasarawa, Birnin Kebbi:
Ɗana, wannan tambaya ta fi ta farkon muhimmanci, kuma jama'a da dama sun yi asarar dukiya saboda rashin sanin amsarta. Bireka ba ta jin zafi a bango, ba ta jin ƙauri, abu ɗaya take aunawa, wato yawan wutar da ke bi ta cikinta. Takan faɗi idan an ɗora wa layi kayan da suka fi ƙarfinta, ko kuma idan layif ta haɗu da nutiral kai tsaye. Sukurun da ya saki kuwa ba ya ƙara yawan wutar da ake ja, abin da yake yi shi ne ya matse mata hanya. Wutar da ya kamata ta bi ta faɗin waya gaba ɗaya sai ta koma bi ta ɗan gefen da ya rage yana taɓa tagulla, wurin ya yi zafi, ƙarfe ya buɗe, idan an kashe ya huce ya tsuke, gobe sukurun ya ƙara saki. Ana haka jan ƙarfen zai yi baƙi, baƙin nan kuma shi ma yana tare wuta, zafin ya daɗa ƙaruwa. Wata da watanni abin yana cin kansa a ɓoye, bireka tana zaune lafiya lau, domin a lissafinta babu abin da ya wuce ƙa'ida.

Tun zamanin NEPA, wadda aka kafa a 1972 aka kuma sauya mata suna a 2005 amma har yau bakinmu bai saki sunan ba, abin da na fi tararwa a bayan mataccen soket ke nan: waya biyu ko uku an cusa su a rami ɗaya, sukuru ya danne ɗaya sosai, ɗayar kuwa jingina kawai ta yi. Wani lokacin mai aikin ya fere robar da wuƙa har ya yanke rabin silin wayar, wani lokacin kuma bai fere sosai ba, sukurun ya hau kan roba.

Sannan ku riƙa duba lambar da ke jikin bireka. Soket waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5 ake sa wa, fitilu mai 1.5, kuma idan layin miƙaƙƙe ne irin wanda Malam mai wayarin ya kwatanta, bireka mai amfiya 20 (amfiya ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya ce) ita ce daidai da ita. Mai amfiya 32 an tanade ta ne don wayarin zobe, wanda waya ke fita daga akwati ta zagaya soket duka ta dawo, har wuta ta riƙa zuwa ta fuska biyu. Na sha ganin gidan da bireka ta dami mutane da faɗuwa, sai aka cire ta aka sa mai 63, kowa ya yi murna an huta. Daga ranar wayar da ke cikin bango ita ce ta zama fis ɗin gidan.

Uwargida, Argungu:
Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, bayaninka ya tuna mini abin da ya same ni a hunturun bara. Kusan mako biyu ina jin wani ƙarni kamar na kifi a ɗakina, musamman da asuba, kuma kasancewar a garinmu kifi ba baƙo ba ne, sai na ɗora wa yara laifin shigo da kwanon abinci. Na wanke ledar ɗaki, na fitar da katifa rana, na yi turaren wuta, ƙarnin yana nan. Ashe soket ɗin da nake jona hitar dafa ruwan wanka ne. Ranar da na gane, na zo zare filogi sai ya ƙi fita, da na ja da ƙarfi sai ya fito da narkakkiyar roba a ƙafarsa ta dama, gefen ramin kuma ya yi launin ƙasa kamar an ɗora masa garwashi. Mai gyaran da ya zo ya ce irin robar da ake yin farin soket da ita haka take wari idan ta gasu. Tambayata ita ce, shin hitar ce ta fi ƙarfinsa? Domin ba ita kaɗai ba ce, akwai doguwar waya mai baki huɗu da nake jona dutsen guga da butar shayi a kanta.

Ɗalibin Injiniya, Aliero:
Inna, ina neman izinin manya in yi lissafin. Soket mai ramuka uku masu kusurwa da muke amfani da shi tsarin Ingila ne, wanda suka fito da shi a 1947, kuma iyakarsa amfiya 13, kamar yadda aka rubuta a bayansa. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce. Idan aka ninka 13 da 230 za a sami wat 2,990, wato kusan 3,000, kuma wannan shi ne iyakar abin da baki ɗaya zai ɗauka, ko da an jona masa doguwar waya mai baki goma, domin dukkansu ta ƙafafun filogi ɗaya suke sha. A duba jikin kowace na'ura, akwai inda aka rubuta wat ɗinta. A ce butar shayin 2,000 ce, hitar 1,500, dutsen gugar 1,200, jimilla 4,700 ke nan, wanda ya haura amfiya 20. Zafin da ke taruwa a mahaɗa kuma ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da yawan wuta, gaba yake yi: idan wutar ta ninka biyu, zafin sau huɗu yake ninkawa.

Abin da ya kamata ya cece ki shi ne ɗan fis ɗin da ke cikin filogin doguwar wayar, wanda aka sa don ya tsinke idan wutar da ake ja ta zarce amfiya 13 sosai. Idan bai taɓa tsinkewa ba, a buɗe filogin a duba. Na taɓa buɗe wani a ɗakin kwananmu na tarar an naɗe fis ɗin da takardar azurfa ta kwalin taba, wani kuma guntun ƙusa aka sa. Cajar waya, talabijin da fanka ba su da wani nauyi, duk abin da aikinsa ɗumama ruwa ko ƙarfe ne shi ne mai cin wuta.

Ɗan Kasuwa, Kamba:
Akwai wani dalili da ban ji an ambata ba, mu kuma na bakin iyaka kullum muna tare da shi. Kayan wutar da ke shigowa ta Gaya a Nijar ko Malanbil a Binin filoginsu tsarin Faransa ne, ƙafa biyu masu zagaye, su kuwa soket ɗinmu ramukansu masu kusurwa ne, kuma akwai murfi a ciki da ba ya buɗewa sai doguwar ƙafar sama ta shiga. Abin da kowa yake yi shi ne ya zura murfin biro ko tsinke, wasu ma makulli, a ramin sama ya danne murfin, sannan ya tura ƙafa biyun da ƙarfi. Ni kaina na yi hakan ba sau ɗaya ba. Na lura duk soket ɗin da aka saba yi wa haka, bayan 'yan watanni sai an ɗaga filogi sama ko an tokare shi da takarda kafin ya kawo wuta.

Mai Wayarin, Kalgo:
Yallaɓai, ka taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi. Maƙallin da ke ciki an yi shi ne ya rungumi ƙafa mai faɗi ta ɓangarori biyu. Ƙafa mai zagaye a ɗan layi siriri kawai take taɓa shi, sannan tana murɗa shi duk lokacin da aka tura ta a karkace. Da zarar an kai ga tokarawa da takarda, tartsatsi ya riga ya fara a ciki, wannan ƙarar ta cir-cir da ake ji ita ce. Idan na'urar mai cin wuta ce, a yanke filogin a ɗaura mata namu mai ƙafa uku da fis, aikin minti biyar ne. Makulli kuwa ƙarfe ne, kuma ba kowane gida ne aka jona wayoyinsa daidai ba, na taɓa samun layif a ramin sama.

Mai Shagon Kayan Wuta, Jega:
Na karɓi gyara a kan matsalar Malam, amma ban janye maganata gaba ɗaya ba, domin ku masu aikin hannu kukan ɗora komai a kan sukuru ku manta da abin da sukurun yake dannewa. Akwai waya a kasuwa da aka rubuta mata 2.5 amma kaurin duk na roba ne. Akwai kuma wadda alminiyom ce aka shafa mata jan ƙarfe a baya, idan ka kankare da wuƙa sai ka ga fari. Alminiyom bai kai jan ƙarfe ɗaukar wuta ba, kashi 60 da ɗoriya cikin 100 yake ɗauka idan kaurinsu ɗaya, sannan yana da laushi, yau ka ɗaure shi tam, bayan wani lokaci ya lotse a ƙarƙashin sukurun. Irin wannan ko wane gwani ne ya ɗaura sai ta saki. Mai gida ne yakan zo da takardar kayan da aka rubuta masa, ya ce a ba shi mafi sauƙin kuɗi, ya sayi tayil mai tsada da canjin.

Mai Wayarin, Kalgo:
A nan kam ba mu da saɓani, Alhaji, sai dai in ce wanda ya ajiye ta a shagonsa shi ma yana da nasa kason.

Mai Sayar da Ƙanƙara, Yauri:
Ni a nawa ganin duk kun kewaye babban dalili, wato raunin wuta. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kowa ya kunna abin da yake da shi, wutar unguwarmu takan yi ƙasa har ƙwan fitila ya koma ja. A irin wannan lokacin ne soket ɗin firizoyina suke ƙonewa, da damina kuwa ba na canza ko ɗaya.

Tsohon Ma'aikacin Lantarki, Nasarawa, Birnin Kebbi:
Abin da ka lura da shi gaskiya ne a kan firiza, amma kada a ɗauke shi a shafa wa komai. Hita da dutsen guga idan wuta ta yi rauni su ma rauni suke yi, ba sa jan ƙari. Injin firiza kuwa yana bukatar ƙarfi kafin ya tashi, kuma a daidai lokacin tashin yana jan ninkin abin da yake ja idan ya daidaita. Idan wutar ba ta isa ba sai ya yi gurnani ya kasa juyawa, ka ji ƙas ya yanke, bayan ɗan lokaci ya sake gwadawa, haka zai yi ta yi dare da rana. Kowane yunƙuri duka ne a kan mahaɗar soket. Mahaɗa mai kyau za ta jure, wadda ta riga ta saki ita ce ke ƙonewa. Ka ba kowace firiza bakinta ita kaɗai, ka sa mata abin daidaita wuta mai jinkirta kunnawa.

Akwai wata alama da nake so kowa ya riƙe, domin ta fi mutuwar soket haɗari. Idan ka ga fitilun wani ɗaki sun yi haske fiye da kima, na wani ɗakin kuma sun dushe, fanka tana gudu kamar za ta tsinke, to babbar nutiral ce ta saki, a mita ko a kan turke ko a taransifoma. Layif uku ne ke fitowa daga taransifoma, tsakanin kowace biyu daga cikinsu bolt 400 ne, kuma idan nutiral ta tafi, wani sashe na gidan zai iya samun abin da ya doshi haka. Kada ka tsaya zare filogi ɗaya bayan ɗaya, ka kashe babban makunni, sannan ka sanar da masu kula da layi.

Ban ji an yi maganar ƙwari da danshi ba. Na buɗe soket na tarar da zanzaro ya gina ɗakinsa na laka a kan mahaɗa, na tarar da tsaka ta bushe tsakanin layif da nutiral, ɓeraye kuma suna gaigayar waya a cikin silin. Ƙurar hunturu takan taru a cikin akwatin, idan damina ta zo bango ya tsotsi ruwa sai ta zama laka mai ɗaukar wuta. A gidan da ke da birekar kare rai, mai faɗuwa idan wutar da ke zurarewa ta kai miliamfiya 30, wato kashi 30 cikin 1,000 na amfiya ɗaya, wannan ne yake sa ta yawan faɗuwa a watan Agusta, kuma aikinta take yi, kada a cire ta.

Uwargida, Argungu:
Baba, mu da muka sa sola, idan an kashe babban makunni ya wadatar kafin a buɗe soket?

Tsohon Ma'aikacin Lantarki, Nasarawa, Birnin Kebbi:
Bai wadatar ba, 'yata. Inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batirin sola irin ta gida, tana ba da bolt 230 kamar wutar layi, kuma da zarar an yanke layi ita za ta karɓa ba tare da ƙara ba. Sai an kashe ta, an tabbatar janareta ma ba ya jone, sannan a auna da mitar gwaji. A gidaje masu sola kuma sau da yawa wasu soket ne kaɗai aka ɗora a kan inbata, saboda haka idan an ɗauke wuta sauran za su yi shiru ba tare da sun lalace ba.

Malamin Makaranta, Badariya, Birnin Kebbi:
Jama'a, na dawo da labari. Jiya bayan la'asar na kira mai gyara, na roƙe shi ya fara da bayan firiza, ko da yake shi ya so ya fara da ɗakin yara. Da muka janye ta, fuskar soket ɗin fes take, babu ko ɗigon baƙi. Da ya kwance sukuru biyun ya juyo da shi, sai ga baƙaƙen wayoyi biyu a rami ɗaya: ɗaya tana nan a danne, ɗayar kuwa ta zame tana lilo, robarta ta ƙandare tana farfashewa kamar busasshen ƙanzo har kusan tsawon ɗan yatsa, bakin jan ƙarfen ya yi baƙi ƙirin. Ya yanke wurin da ya ƙone, ya fere sabon baki, ya sa sabon soket mai nauyi irin wanda Alhaji ya kwatanta, ya ɗaure, ya ja kowace waya da hannu ya ga ba ta motsi. Muna mayar da wuta duka ukun suka kawo, har da tsohon da na cire na ajiye a leda, wanda muka gwada muka tarar lafiyarsa ƙalau. Mun kankare wayar, jan ƙarfe ce har ciki. Sai dai birekar layin mai amfiya 32 ce, kuma ya tabbatar mini wayarin ba zobe ba ne.

Mai Wayarin, Kalgo:
Alhamdu lillahi. Ka sa ya mayar da ita mai 20 tun bai manta hanyar gidanka ba, kuma ya bi sauran soket ɗin gidan ɗaya bayan ɗaya da sukudireba, domin hannun da ya ɗaure wancan shi ne ya ɗaure su. Idan da hali, a ja wa firizar tata waya daga akwati.

Malamin Makaranta, Badariya, Birnin Kebbi:
Mun yi da shi zai dawo ranar Asabar da birekar. Wayar firiza kuwa sai albashi ya shigo, domin ya auna nisan ya ce za ta ci kusan mita 14.